Yadda Mutanen Unguwa Za Su Shirya Taron Karrama 'Yan Mazan Jiya a Jos

Duk shekara idan ranar 15 ga Janairu ta zagayo, ana yin fareti a Abuja da manyan biranen jihohi domin tunawa da 'yan mazan jiya. Shugaban ƙasa yakan ajiye furanni a wurin tunawa da sojan da ba a san sunansa ba, daura da dandalin Eagle Square, a busa begila, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru, sannan kowa ya kama gabansa. An zaɓi wannan rana ce domin a cikinta, a shekarar 1970, Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Legas, yaƙin basasa na wata talatin ya zo ƙarshe. A da, ranar 11 ga Nuwamba ake yin bikin, kamar yadda sauran ƙasashe renon Ingila suke yi.

Wannan bikin gwamnati ne, kuma yana da amfaninsa. Sai dai tsohon kofur ɗin da yake wuni a kan benci a ƙofar gidansa a Gangare ko Tudun Wada ko Bukuru, da matar da mijinta ya tafi Laberiya a 1990 bai dawo ba, ba kasafai bikin yake isowa gare su ba, in ban da abin da suka ji a rediyo. Mutanen unguwa su ne suka san ƙofar gidajensu, don haka su ne suka fi cancanta su shirya musu taron da za a ambaci sunansu, a saurari labarinsu, a kuma haɗa shi da tarihin unguwar da suka fito. Abin da ke biye bayani ne na yadda za a yi hakan ba tare da dogaro da wani babban mutum ba.

Aikin farko, wanda kuma ya fi kowane cin lokaci, shi ne tattara sunaye, kuma ya kamata a fara shi tun watan Oktoba idan ana son yin taro a Janairu. A kafa ƙaramin kwamiti na mutum biyar zuwa bakwai, a tabbatar akwai tsohon soja ɗaya a ciki, da malamin makaranta mai iya rubutu da tsari, da dattijuwar da za ta iya shiga cikin gidaje ta zauna da mata, da matashi mai waya mai ɗaukar murya da hoto sosai. Kafin a taka ƙofar kowa, a je a gaida mai unguwa a faɗa masa abin da ake nufi, sannan limamai da fastoci, domin su ne suka san wanda suka yi wa jana'iza da wanda ya bar marayu. Daga nan a nemi ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na jiha ko na ƙaramar hukuma, a roƙi su duba rajistarsu, amma kada a tsaya a kanta kaɗai, saboda akwai tsofaffin sojoji da yawa da ba su taɓa yin rajista da kowa ba.

A Jos akwai wani abu da dole a yi magana a kansa a fili. Tun daga rikicin watan Satumba na 2001, da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, unguwanni da yawa sun rabu bisa addini, mutumin da ya yi shekara talatin a wannan layi ya sayar da gidansa ya koma wancan ɓangare na gari. Idan kwamiti ya rubuta sunayen mazauna unguwa na yau kaɗai, jerin zai fito da addini ɗaya da ƙabila ɗaya, alhali ramin da waɗannan mutane suka kwanta a ciki a fagen fama bai tambaye su addini ba. A ganina ƙa'idar da ta dace ita ce a rubuta duk wanda ya taɓa zama ɗan unguwa, ko yana nan, ko ya tashi, ko ya riga mu gidan gaskiya, sannan a tura mutum biyu takanas su kai wa waɗanda suka tashi goron gayyata har gida. Saƙon waya bai isa ba a irin wannan. Wasu za su zo, wasu ba za su zo ba, kuma kada a matsa wa wanda ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba tukuna. A karanta sunansa a taron ko da kujerarsa ba kowa.

Wajen rubuta sunayen, a ware su bisa yaƙin da kowa ya halarta, domin hakan yana taimaka wa yara su fahimci tsawon tarihin. Akwai waɗanda suka je yaƙin Hitila, wato yaƙin duniya na biyu, a ƙarƙashin rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma: wasu sun yaƙi Italiyawa a Somaliya da Habasha a 1941, wasu kuma an kai su Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 suka fafata da Japanawa a cikin daji da ruwan sama. Tun da yaƙin ya ƙare a 1945, da wuya a sami ɗayansu da rai yanzu, sai dai 'ya'ya da jikoki. Akwai waɗanda suka je Kwango aikin Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin 1960 da 1964. Mafi yawa a kowace unguwa su ne na yaƙin basasa, saboda a cikin waɗannan shekaru ne adadin sojojin Nijeriya ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa kimanin 250,000, kuma yankin da yake Jihar Filato a yau ya ba da samari masu ɗimbin yawa. Wanda ya shiga yana ɗan shekara ashirin a 1967, yanzu ya doshi tamanin. Bayansu sai na ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo, da na Darfur, da waɗanda suka kwanta dama a Arewa maso Gabas tun daga 2009, waɗanda matansu da yawa har yanzu ƙuruciya ba ta bar su ba, kuma 'ya'yansu suna makarantar firamare. Kada a manta da sojojin sama da na ruwa, da direbobi da masu dafa abinci da ma'aikatan jinya na soja, domin mutane sukan ɗauka mai riƙe da bindiga ne kaɗai ya yi yaƙi.

Neman sunan kakan da ya rasu a zamanin Turawa yana buƙatar dabara. Magatakardan ɗaukar kurtu na wancan lokaci sukan rubuta sunan mutum su haɗa da sunan garinsu ko ƙabilarsa, wane Bauci, wane Fankshin, wane Katsina, kuma rubutun nasu yakan saɓa da yadda ake furta sunan a gida. Saboda haka lambar soja ta fi suna amfani, idan an same ta a jikin takardar sallama. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila tana da shafi a intanet inda ake bincika sunayen waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu kyauta, kuma sunayen waɗanda suka faɗi a Bama ba a san kabarinsu ba suna rubuce a jikin bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Rangun. A gwada rubuta sunan ta hanyoyi daban-daban kafin a fid da rai. Wanda yake da hali ya leƙa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House, amma wannan aikin mai haƙuri ne, ba na mako ɗaya ba.

Sauraron tsofaffin shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. A je wa tsoho da hantsi, lokacin da sanyi ya ragu jikinsa ya saki, a tafi da ɗan goro ko sukari, a durƙusa a gaishe shi da muƙaminsa, Baba Saje ko Baba Samanja, domin tsohon soja ba ya manta igiyar da ya sha wuya kafin ya samu. Ziyarar farko ta gaisuwa ce kawai da neman izini. A faɗa masa a fili cewa za a ɗauki muryarsa, a faɗi inda za a ajiye ta da wanda zai ji ta, kuma idan ya ƙi, an gama magana. A ziyara ta biyu a fara da tambayoyi masu sauƙi: wane gari aka ɗauke shi, me iyayensa suka ce, yaya horon kurtu ya kasance a Zariya, nawa ne albashinsa na farko, me ake dafa musu, wane ne amininsa a bataliya. Daga sunan amini ne labarin gaske yakan ɓullo da kansa. Tambayar da samari suka fi ɗokin yi, wato mutum nawa ya kashe, ita ce wadda ba a yi ko kusa. Rashin ladabi ne, kuma tana iya tayar da abin da mutum ya yi shekara hamsin yana danne shi. Idan ya yi shiru, a bar shirun ya yi tsawonsa. Idan idonsa ya kawo ruwa, a kashe waya, a canza magana, a dawo wata rana. Kada hira ta wuce sa'a ɗaya, kuma kada mai tambaya ya gyara masa shekara ko sunan gari a gabansa ko da ya tabbata ya rikice. A rubuta gyaran daban a gefen takarda.

Matan sojoji suna da nasu labarin, kuma dattijuwar kwamiti ce za ta karɓe shi a cikin ɗaki, ba a gaban maza ba. Su ne suka san yadda ake jiran wasiƙa wata da watanni, da yadda ake tashi daga wannan bariki zuwa wancan da yara da tukwane, da ranar da aka zo aka yi sallama a ƙofa da mummunan labari, da kuma yawon ofisoshi wajen neman haƙƙin mamaci.

Takardu da lambobin yabo amana ce, kuma shawarata ita ce kada kwamiti ya karɓi na asali ya tafi da su ko da na kwana ɗaya ne. A ɗauki hotonsu gaba da baya a tsakar gida inda haske yake, a mayar wa mai su a hannunsa. Kada a kai tsohuwar takardar sallama a manne ta da leda mai zafi, domin zafin yana lalata tawada kuma ba a iya ɓare ta daga baya. A sa ta a cikin ambulan mai kauri, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da danshin daminar Jos. Minda kuma, wato lambar yabo ta soja, irin mai siffar tauraro da aka ba waɗanda suka je Bama, ƙyalle mai laushi ya ishe ta, ba a goge ta da toka ko yashi. Sannan kada a sa hoton takardar da ke ɗauke da lambar soja ko bayanin fansho ko lambar asusun banki a Facebook ko WhatsApp, saboda 'yan damfara sun daɗe da gano cewa tsofaffi masu jiran haƙƙinsu suna da saurin yarda da duk wanda ya kira su ya ce daga Abuja yake. Haka nan wanda ɗansa yake bakin aiki a yanzu, ba a faɗin inda aka tura shi a lasifika.

Haɗa wannan da tarihin unguwa ba shi da wuya a Jos, domin soja da kuza tare suka yi tafiya. Garin ya bunƙasa ne da haƙar kuza a farkon ƙarni na ashirin, a ƙasar da Birom da Anaguta da Afizere suke zaune, mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Bauci da Barno da kudancin ƙasa. Da Japanawa suka ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai gwamnatin mulkin mallaka ta shiga ɗiban mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa ramukan Filato har zuwa 1944, kuma da yawa sun mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Ke nan a gida ɗaya ana iya samun wa ya tafi Bama da kaki, ƙane kuma an kawo shi Bukuru da diga, duk a kan yaƙi ɗaya. Har kalmar bariki ma a nan ma'ana biyu gare ta, ta soja da ta 'yan kuza, shi ya sa muke da Barikin Rukuba muke kuma da Barikin Ladi. Don haka a teburin nuni, a ajiye hoton kaka da kakinsa kusa da kwanon wankin kuza da shebur da tsohuwar fitila, a sa jika ya tsaya ya yi bayani da bakinsa.

Malamin makarantar da ke cikin kwamiti yana iya shirya wa yara darasi daga sunayen barikoki kaɗai, domin da yawansu sunayen wuraren da aka gwabza ne. Myohaung da Arakan a Legas, da Kalapanzin a Kaduna, duk daga Bama suka samo suna. Chindit a Zariya sunan rundunar da 'yan Nijeriya suka yi aiki a cikinta ne a dazukan Bama a 1944. Mogadishu a Abuja na tuna yaƙin Gabashin Afirka. Bukavu a Kano kuma daga Kwango. Barikin Rukuba, hedikwatar runduna ta 3, yana ɗauke da sunan Birgediya Janar Maxwell Khobe, wanda ya jagoranci dakarun ECOMOG a Saliyo ya kuma rasu a shekarar 2000. Yaro ɗan Filato ya kamata ya san cewa Gowon ɗan Angas ne, kuma Langtang ta fitar da janar-janar irin su Domkat Bali da Joe Garba da Joshua Dogonyaro. Ya kamata kuma ya san cewa Shaikh Isma'ila Idris, wanda ya kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ya yi limanci a gidan soja. Idan akwai kuɗin mota, a kai yaran gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, su ga kawunan yumɓu na Nok waɗanda haƙar kuza ce ta fara tono su, su kuma zagaya wurin da aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya.

Game da rana, kada a sa taron a 15 ga Janairu kanta, saboda shugabannin tsofaffin sojoji da jami'an tsaro duk suna wurin faretin jiha. Asabar ɗin da ta biyo baya ta fi dacewa, tun da ba ta ci karo da Juma'a ko Lahadi ba. Filin makarantar gwamnati da ke kan iyakar unguwanni biyu ya fi harabar masallaci ko coci, domin kowa zai shiga ba tare da ɗari-ɗari ba. A rubuta wa baturen 'yan sanda na yanki takardar sanarwa da wuri, a kai wata ga sashen hulɗa da jama'a na bariki idan ana son wakili ko mai busa begila, a kuma gargaɗi samari cewa sanya kakin soja ga farar hula laifi ne a doka, ko da na mahaifinsu ne. A rataye shi a wurin nuni kawai.

Lokacin farawa ya cancanci a tsaya a kansa. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma hunturun Janairu ba ya wasa da ƙashin tsoho. Na taɓa halartar wani taro irin wannan inda muka zaunar da dattawa tun ƙarfe takwas na safe a cikin iska, muna jiran wani babban baƙo da bai iso ba sai bayan azahar, ya yi jawabin kansa ya tafi, tsofaffin ba wanda ya ji muryarsu. Laifin namu ne da muka ɗaura taron a wuyan mutum ɗaya. A fara da ƙarfe goma sha ɗaya, a gama kafin azahar ta yi nisa, a fara a kan lokaci ko wane ne bai zo ba. A tanadi mota ko Keke Napep da zai ɗauko tsofaffin ya mayar da su, a ba su kujeru masu majingina a sahun gaba inda rana take taɓawa, a ajiye shayi mai zafi da kunun gyaɗa tun isowarsu, a kuma duba cewa bayan gida yana kusa.

Tsarin taron kansa gajere ne. Liman da fasto su buɗe da addu'a, kowa minti biyu. Mai unguwa ya yi maraba. Sai a karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da muƙami da wurin da mutum ya yi aiki, mai rai ya ɗaga hannu, iyalin mamaci su miƙe tsaye. Wannan shi ne abin da mutane za su riƙa tunawa, don haka a ba shi lokacinsa, a kuma sa wanda ya iya furta sunayen Birom da Tarok da Angas da Hausa daidai ya karanta, bayan ya gwada a gida. Tsofaffi biyu ko uku da suka amince su yi magana, a sa wani ya zauna kusa da su ya riƙe musu lasifika. Maganar ajiye furanni da yin shiru na minti ɗaya, akwai malaman da ba su gamsu da ita ba, kuma ba dole ba ce a taron unguwa. Iyalan Musulmi suna iya yin saukar Alƙur'ani da sadaka a gida, Kirista su yi addu'ar godiya a coci, a bar filin taro ga abin da ya haɗa kowa. Ɗan siyasar da ya zo a karɓe shi da mutunci a ba shi wurin zama, amma ban da hular jam'iyya da fosta, kuma idan zai ba da gudummawa ya miƙa wa ma'aji a rubuta. Hakazalika ba wurin tantance wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure a yaƙin basasa ba ne, musamman da yake Ibo maƙwabtanmu ne a Jos, kuma su ma sun binne nasu.

Kuɗi shi ne abin da yake kashe irin wannan yunƙuri a shekara ta biyu. A buɗe littafi tun ranar farko, mutum biyu su riƙa sa hannu, a karanta abin da aka tara da abin da aka kashe a gaban jama'a. Ni dai ina ganin kashi biyu cikin uku ya kamata ya tafi kai tsaye ga tsofaffin da matan mamata, a matsayin hatsi, bargo, magani ko kuɗin makarantar maraya, ragowar kashi ɗaya ya ɗauki hayar rumfa da kujeru da abinci. Masa da gwate da shinkafa sun wadatar. Ba a buƙatar anko, ba a buƙatar allon yabo mai tsada wanda zai ƙare a bayan ƙofa. Kayan taimako kuma a kai su gida da yamma, kada a jera dattijo a gaban kyamara yana karɓar mudun shinkafa.

Bayan an naɗe rumfa, sauran aikin na mutum biyu ne ko uku masu naci. A kwafe muryoyin da hotunan a wuri uku: ɗaya wurin iyalin, ɗaya a makarantar unguwa, ɗaya kuma a miƙa wa sashen tarihi na Jami'ar Jos idan masu labarin sun yarda. A sa matashi ɗaya ya riƙa bibiyar sanarwar Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja, domin idan lokacin tantancewa ya zo a taimaka wa wanda ido ko ƙafa suka gaza, a raka shi ko a cike masa abin da ake cikewa a waya. A raba gidajen tsakanin 'yan kwamiti, kowa ya san tsohon da zai leƙa sau ɗaya a wata. Littafin sunayen kuma ya zauna a hannun mai unguwa da kwafi a wurin malamin makaranta, a bar shafuka a buɗe a ƙarshensa, domin da zarar an yi taron farko wasu iyalai za su zo da tsohuwar takarda a cikin leda su ce an manta da nasu.